Hannun Daman Tsaya-Haka

Larabar da ta wuce na sa farar rigata sabuwa, wadda na ɗinka wa kaina da yadin da wani ya manta a shagona shekara uku (na jira shi, Allah ne shaidata), na fito ina taku ɗai-ɗai kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Na tsaya ƙofar maƙwabcina Fenta ina zuba wa masu wucewa surutu, na jingina da wani allo da ke jikin bango. Ashe allon mai sayar da kaji ne, fentin bai bushe ba. Sai da na je bakin titi na dawo, mata na toshe baki, masu babur na yi mini cara, kafin na gane akwai magana. Zakara ne guda, ja wur, har da zanko, kwance a gadon bayana.

"Tela, tsaya haka!"

Na ji ƙyas. Maƙwabcina na biyu ne, mai hoto, ya ɗauke ni da hannun hagu ina juyi kamar kare mai neman wutsiyarsa. Kafin yamma hoton yana manne a gilashin shagonsa.

Ba rigar ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Dariya na ji ta tashi daga shago biyu a lokaci guda, ta Fenta daga dama, ta mai hoto daga hagu, iri ɗaya sak, mai ƙarewa da tari. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, bangon bulo ne kawai tsakaninsu, kuma a shekara goma sha tara wannan dariyar ce abu na farko da na ji sun yi tare.

Sunan mai hoton na yanka ya daɗe da ɓacewa. Tsaya-Haka kowa ke kiransa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Gajere ne, siriri, idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta saboda shekarun da ya yi yana runtse shi a bayan kyamara. Kekensa ya sayar ya sayi kyamarar farko a hannun wani malamin makaranta da zai bar gari, ya zo ya raɓe a shagon yayansa, aka raba ɗakin da labule. Gaba na Fenta: gwangwanayen fenti, alluna, warin kananzir. Baya na ƙanen: kujera ɗaya, fitila biyu, da wani ɗan lungu da suka toshe wa taga suka mai da shi ɗakin wanke hoto. Zanen da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto ma Fenta ne ya yi shi, gidan bene mai hawa uku, furanni, da jirgin sama a bisa kai. Rabin mutanen unguwarmu a ƙofar gidan nan suka taɓa mallakar bene.

Kullum da safe sai sun yi musu, kamar shi ne karin kumallonsu.

"Aikinka ɗan yatsa ɗaya ne," in ji Fenta. "Biri ma in ka miƙa masa zai danna."

"To a miƙa masa buroshi mana, Yaya, mu gani ko masu kaji za su gane an canja ma'aikaci."

"Ni daga farin allo nake fito da mutum."

"Mutumin da uwarsa ba za ta gane shi ba. Ni abin da Allah ya yi nake ba mutane, ba ƙari ba ragi."

"Shi ya sa suke kawo mini in gyara!"

Nan kuwa Fenta ya faɗi gaskiya. Mutum zai karɓi hotonsa a bayan labule, ya dube shi, ya ɓata fuska, ya ɗaga labulen ya miƙa wa Fenta. Shi kuma yana da wani ɗan buroshi mai gashi uku, da shi yake miƙe harararren ido, ya cike giɓi, ya mayar wa mai sanƙo gashinsa, ya sa wa mamaci rigar da bai taɓa samu ba yana raye. In ya gama sai Tsaya-Haka ya sake ɗaukar hoton hoton, ya wanke sabo, sawun buroshi ya ɓace ɓat. Yana yi yana ƙunƙuni, wai an mai da shi mai wanke wa maƙaryaci hannu. Amma tukunyarsu ɗaya, kuma tana tafasa.

Fenta ɗa ɗaya ya haifa, namiji, bakanike a garejin bayan layinmu. Sifana ake ce masa. Ya kai shekara ashirin da huɗu a lokacin da abin ya faru, ƙato, mai fara'a, in motarka ta mutu a hanya shi zai tura ba ka roƙe shi ba. Tsaya-Haka bai samu ɗa namiji ba, don haka duk shekara sai ya tsai da Sifana gaban gidan benen nan ya ɗauke shi, tun yana zama da ƙyar har ya fi benen faɗi. Agogon da ke hannunsa ma baffan ne ya saya masa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Tsaya-Haka na tsinto shi, guntu-guntu, cikin shekaru, don ba mutum ne mai ba da labari a jere ba.

Wata Litinin ce, rana ta take tsaka. Wata mata ta sauka daga bas a mahaɗar titinmu, wani ɗan dako ya ɗora kayanta a ka, ta laluba gefenta ba ta ji jakarta ba. Ta ƙwalla ihu, ta nuna shi. Shi kuwa bawan Allah ya yi kuskuren da marar gata ke yi: ya yar da kayan ya ruga. Layinmu ya shigo, mutane na biye da shi kamar an fasa gidan rina. A gaban rumfar mai facin taya ƙafarsa ta faɗa kwata, ya kife.

Wanda ya fara isa ya sa masa ƙafa a haƙarƙari. Daga nan ba a ƙara sanin na wa ba. Icen rumfa, kujerar mai wanke takalma, bel, wani ma da murfin tukunya. Mutumin yana kare kansa da hannu biyu yana cewa a duba jikinsa, a duba aljihunsa, har hannun ya karye ya daina karewa. Duk layin ya fito. Ni ma na fito, almakashi a hannuna don ban tuna na ajiye shi ba.

Tsaya-Haka ya fito da kyamara a wuya, saura ɗauka bakwai a fim ɗin da ke ciki. Ya haye bencin Fenta. Ya ce ya yi ihu a bari, sau biyu, ko kunnensa bai ji muryarsa ba. Sai hannunsa ya yi abin da ya iya. Ya ce in ka sa ido a wannan ɗan ramin ba ka ganin mutane, haske kake gani da inuwa, da inda hannuwa suka tashi. Ya danna shida. A na bakwai wani ya ɗauko bulon da mai faci ke tare tayar mota da shi, ya ɗaga sama da hannu biyu. Ƙyas. Sai ƙara, kamar an fasa tulu cike da ruwa.

Wuri ya yi tsit. Cikin tsit ɗin nan yaron motar bas ya shigo layin da gudu yana ɗaga jaka, wai a ƙarƙashin kujera ya tsince ta, ina mai ita?

Ban taɓa ganin taro ya narke kamar wannan ba. Ƙofofi suka rufe, masu babur suka tuna suna da uzuri. Da 'yan sanda suka iso, mutum ɗaya suka tarar a titi: mai faci, tsoho, ya durƙusa yana rufe gawar da buhu, jini har gwiwar hannunsa. Rumfarsa ce, bulonsa ne. Suka jefa shi a mota.

Washegari da hantsi Tsaya-Haka ya shiga lungunsa ya ja ƙofa, ya kunna jan ƙwan fitila. Hoto a cikin ruwan magani a hankali yake fitowa, kamar mai tasowa daga ƙarƙashin kogi. Bulon ne ya fara bayyana. Sai hannuwa biyu. Sai agogo. Ya ce da ya ga agogon ya so ya kunna farar fitila takardar ta ƙone baƙi ƙirin, amma ya tsaya yana kaɗa farantin kamar yadda ya saba, har fuskar ta gama fitowa, haƙora a waje, jijiyar wuya a tashe. Bai taɓa ɗaukar Sifana hoto mai kyau irin wannan ba. Ko ƙwayar zufa ana ƙirgawa.

Yana shanya shi a igiya Fenta ya leƙo neman aikin gyara. Ya daɗe a tsaye. Sai ya cire hoton da ɗanyensa ya fita da shi.

Yini guda Fenta bai ci ba, bai sha ba, bai amsa sallamar kowa ba. Da yamma ya ɗaga labule ya ajiye hoton a gaban ƙanensa. A gefen wurin da abin ya faru akwai lemar wata mai sayar da lemo. A cikin hoton Fenta ya karkato da ita da buroshinsa, ya ƙara mata faɗi, ta rufe fuskar tun daga goshi har ƙirji. Ya goge agogon. Tsaya-Haka ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi lemar zare-zare. Inuwarta ta faɗi daidai inda rana ta ce ta faɗi. Har ɗan yagewar da ke bakinta ya sa.

"Yaya, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba."

"To ɗauki hotonsa. Ka ba ni fim ɗin in sa masa ashana."

"Hannuwan fa? Ga su nan a sama da bulo, ba fuska. Na wa za a ce?"

"Na wanda Allah ya so."

"Na mai faci za a ce."

"Mai faci ya ci zamaninsa! Wannan ɗanka ne. Kai ka yi masa hoton farko, ko zama bai iya ba."

Sifana da kansa ya zo a rana ta biyu, ya tsaya bakin labule yana murza hularsa. Idonsa ya faɗa.

"Baffa, wallahi kowa duka yake yi."

"Kowa duka yake yi. Kai ka gama."

"Ban san me ya hau kaina ba."

"Ni ma ban sani ba. Abin da ke bisa kanka kawai na gani."

Ya faɗi haka, amma bai kai hoton ko'ina ba. Ya naɗe fim ɗin a takarda ya cusa a safarsa, yana yawo da shi kamar ƙaya. In ya ga yayansa ya sunkuyar da kai, in ya ga rumfar mai faci a rufe ya sauya hanya.

A rana ta uku matar mai faci ta zo. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta yi kuka ba, ba ta zauna ba. Ta kwance ƙullin da ke hannunta ta shimfiɗa riga a kan teburinsa. Rigar mijinta ce da aka miƙo mata daga ɗakin tsaro ta wanke. Bayan rigar ya manne da jini layi-layi, sabo a kan tsoho.

"Wannan ba na ɗan dakon ba ne," ta ce. "Nasa ne. So suke ya ce shi ne. Mutumin da bulon nan ma da ƙafa yake tura shi saboda ciwon baya. An ce ka hau benci ka ɗauka. Ban zo roƙo ba, ɗana. Na zo in ga idonka ne."

Ta naɗe rigar ta tafi. Fenta na bayan labule, ya ji komai.

"Yaya," in ji Tsaya-Haka, "zan kai."

Daga shagona na fara jin ƙarar. Fenta ya fizge labulen har da sandarsa. Ya finciko akwatin fina-finai ya zazzage, yana warware su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, bukukuwan mutane da hotunan 'ya'yansu duk suka ƙone a banza. Ya shiga lungu ya kifar da farantan magani, ya ɗaga injin fitar da hoto ya maka da ƙasa. Ya kama kyamarar ta igiyarta ya yi ta buga wa bango har gilashin ya zube kamar gishiri.

"Ina fim ɗin yake?"

"Ba zan ba ka ba."

Ya shaƙe shi ya haɗa da gidan benen nan, zanen ya yage tun daga hawa na uku har ƙasa. Suka zube kan gwangwanaye, shuɗi da ja suka malale, ba ka bambance fenti da jini. Ni kuma na shigo rabiya da ƙarfin hali irin na tela. Aka ba ni rabona nan take, gwiwar hannu a baki, na zauna a ƙasa ina neman haƙorina. Daga nan zaune na ga sauran.

Fenta ya fi ƙanensa ƙarfi ninki biyu. Ya murɗe hannunsa na dama ya danne a kan teburi, ya laluba ya ɗauko gudumar da yake haɗa katakon allo da ita.

"Da wannan ka danna? Da wannan?"

"Da shi."

Sau uku ya sauke ta. Na farko a kan manuniya, na ji ƙas kamar an taka busasshen kara. Na biyu ya haɗa yatsu biyu. Na uku a bayan hannun. Tsaya-Haka bai yi ihu ba sai wani gurnani ta hanci, yana kallon yayansa ido cikin ido. Fenta ya dubi abin da ya rage a kan teburin, ya saki gudumar, ya zauna cikin fenti ya rufe fuska yana kuka kamar shi aka daka.

Bai taɓa tunanin duba safa ba.

Tsaya-Haka ya naɗe hannun da guntun labule. Ba asibiti ya nufa ba. Ya taka da ƙafa har wancan gefen gari, shagon wani mai hoto da ba sa ga maciji, ya roƙi aron ɗakin duhunsa. Shi kaɗai ya shiga, ya wanke hoton da hannun hagu, jini na ɗiga a siminti. Daga can ya wuce ofishin 'yan sanda ya ajiye a kan kanta, sannan ya faɗi sumamme.

An saki mai faci bayan kwana biyu, kunnensa ɗaya ya mutu, bai ƙara buɗe rumfar ba. Mutum uku aka gane a hoton. Sifana ya samu shekara goma sha huɗu, ya yi sha ɗaya, ya fito ya bar garin, ko layinmu bai biyo ba. Da aka tambayi Tsaya-Haka a kotu wa ya yi masa haka a hannu, cewa ya yi ƙofa ce ta datse shi. Alƙali ya ce wace irin ƙofa ce mai datsa sau uku, ya ce tsohuwa ce.

Dangi suka juya masa baya. Matar Fenta ta tofa masa yawu a gaban jama'a. Ko rasuwa aka yi, sai ya ji a bakin maƙwabta. Fenta ya kira magini aka ja bulo inda labule yake, aka fasa wa ƙanen ƙofa ta gefe. Amma ba wanda ya tashi. In wasiƙar wani ta faɗa shagon wani, ni ake ba in miƙa, taku huɗu.

Yatsun sun haɗe a lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Ya koyi dannawa da babban yatsan hagu. Yanzu da kowa ke da kyamara a aljihu, hoton fasfo da na katin makaranta ne ke riƙe da shi. Zanen benen yana nan, ya ɗinke yagewar da kansa, mummunan ɗinki, bai kawo mini ba. Jirgin saman ya koɗe har ya zama kamar kifi. Ba wanda ya ƙara taɓa shi da buroshi. Fenta kuma tun daga lemar nan bai sake gyara fuskar mutum ba, sai kaji, sai kwalaben lemo, sai haruffa.

Jiya na shiga wurinsa na ce ina rubuta labarinsa, ya ce in dai ba za a biya shi ba kada in sa masa kyau. Na zauna a kujerar masu ɗaukar hoto na ce to a gama mini tsohon musun nan, tsakanin hoto da zane wanne ne gwani.

"Yaya ne gwani," ya ce, bai ko ɗago ba. "Lemar nan ta fi duk abin da na taɓa ɗauka. Ni dai nawa ya faru ne."

Bakina da ba ya zama lafiya, na ce, "Ka ji waliyyin masu hoto. Wato kai duk rayuwarka ba ka taɓa ƙari ba, ba ka taɓa ragi ba? Hannu guda ka bayar, da ɗa, da ɗan'uwa, don kada a taɓa kwali ɗaya. Ni da ni ne, wallahi da an yi gyara."

Ya ajiye abin da yake gogewa. Ya dube ni da ƙaramin idon nan.

"An yi gyara. Sau ɗaya. Wanda na kai wa 'yan sanda na yanke masa gefen hagu, faɗin yatsa biyu."

"Wa ke wurin?"

"Wani tela. Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa don kada a tare masa, almakashi a hannu, baki har kunne."

Na gyara zama a kujerar. Da ƙyar na ce, "Ashe ka rufa mini asiri."

"Wane asiri? Ɓata mini hoto ka yi. Tashi mini daga kujera, akwai mai jira."